Robar Famfo a Ƙafar Kaji

Bari in faɗa tun da wuri kafin wani ya riga ni: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Wanda ya ƙera kayan bai yi laifi ba, ɗana da ya aiko da su bai yi laifi ba, kajin matata Hajiya kuwa suna da ɗan nasu, za mu zo kansa. Na ga gara in rubuta da hannuna, don in na bar 'yan majalisar ƙofar gidanmu suka ci gaba da ba da shi yadda suke yi, kafin baɗi sai an ce ambaliya na jawo wa unguwa har aka kawo kwalekwale.

Ni mai faci ne. Shekara talatin da 'yan kai na yi ƙarƙashin wata bishiyar bedi kusa da Ƙofar Marusa ina facin keke, daga baya har da babur. Boko aji huɗu na yi, malamin ya duba ni, na dube shi, muka rabu lafiya ba wanda ya riƙe wani a zuci. Da gwiwa ta zaunar da ni gida, abin da ya biyo ni daga sana'ar shi ne akwatina. Na ƙarfe ne, a da kore, ubangidana ya ba ni shi ranar da ya yaye ni. Ciki akwai sifana, filaya, almakashi, zarto, gwangwanin sholisho da ya daɗe da bushewa, sai tarin yankakken tib na taya, wanda a sanina babu abin da ba ya ɗaurewa a duniyar nan. In na buɗe akwatin warin roba ya buge ni, sai in tuna ni ma an taɓa yi mani layi ana jira in ɗago kai. Wanda bai taɓa ajiye sana'a ba ba zai gane wannan ba, kuma ba na roƙonsa ya gane.

Hajiya mai ɗakina ɗiyar kawuna ce, wato taubashiyata. Duk wanda ya auri taubashiyarsa ya san bai kawo mai raga mashi gida ba. Gaban mutane Malam take ce mani, da ladabi har da sunkuyar da kai. In mu biyu ne kuma na yi wani abin, sai in koma Injiniya. Na ci wannan sarauta ne a kan fankarta, wadda bayan na gyara ta koma juya kai hagu da dama ba tare da fukafukan sun motsa ba, kamar mai ƙin amincewa da magana. Sai rediyo, wadda ba ta magana sai ka riƙe ta a ƙirji. Sai kwaɗon ɗakin hatsi, wanda na zuba ma mai na daidaita shi sosai har sai da aka ɓalle ƙofar.

To, bara Alhaji maƙwabcinmu, wanda katangarmu ɗaya, ya haƙa bohol ya ɗora tanki sama, ya ce duk gidan da ke manne da nasa ya ja ruwa, sadaka. Mu kuwa shekara da shekaru 'yan ga-ruwa a zaure suke sauke jarka, Hajiya ke jan ta a hankali zuwa madafi, tana tsayawa sau biyu a hanya tana dafa ƙugu. Da ɗanmu na Kaduna ya ji, sai ga saƙo a mota: naɗin fayif na roba, kan famfo guda, da mahaɗai biyar cikin leda. Ya bugo waya ya ce, "Baba, don Allah a kira mai gyaran famfo." Ya faɗa sau biyu. Na ce layin ba ya da kyau, ban ji ba.

Da na jawo akwatina tsakar gida, Hajiya ta fito ta tsaya kaina.

Ta ce, "Malam, mi za ka yi?"

Na ce, "Ruwa zan kawo maki har bakin madafi kafin azumi. Da hannuna."

"Da hannunka."

"Da wannan hannu da kike gani."

"Shi na gani, shi ya sa nike tambaya."

Na ce mata wanda ya riƙe iska cikin taya shekara talatin, ruwa ba zai gagare shi ba, tunda shi ruwa ana ganinsa. Ta kalli akwatin, irin kallon da mahauci ke yi ma rago. Sannan ta ce ta yarda, amma da sharaɗi. In ɗigo ɗaya ya fita inda ba a ce ya fita ba, akwatin nan ya bi 'yan gwangwan, masu yawo da baro suna sayen tsohon ƙarfe. Na yi dariya na ce na yarda. Har na ce ta kira shaida in tana so. Ta ce Allah ya isa shaida. Da ina da hankali, a nan zan tsorata.

Shi mahaɗin nan wani abu ne fari, tsawon guntun rake, da baki biyu. Ba a murɗa shi, ba a shafa mashi gam, ba a gasa bakin fayif a wuta yadda muka saba gani. Ka tura fayif ta nan, ka tura wani ta can, wai shi ke nan. Cikin kowane baki akwai 'yan haƙora na ƙarfe da ke cafke fayif su hana shi dawowa. Bayan haƙoran, can ciki, akwai wata 'yar baƙar roba zagayayya kamar zobe. Tun ganin farko abin bai kwanta mani ba. Kayan da aka ce kowa ma zai iya haɗawa, ai raini ne ga masu sana'a.

Na yanka fayif da zarto, na ɗauki mahaɗi na farko na tura. Ya shiga kaɗan ya cije. Na ƙara ƙarfi, ya ƙi. Na ɗaga shi sama na leƙa ciki da ido ɗaya, sai na ga 'yar baƙar robar nan ta tare hanya.

A nan ilimina ya motsa. Na ce ai kowa ya san kayan kamfani ba sa zuwa tsirara. Sabon babur da leda a sirdi yake zuwa, sabuwar buta da takarda a baki, kwalbar magani da wani farin abu da sai ka ɓare. Wannan roba ta hanya ce, an sa ta don kada ƙura ta shiga. Don in ƙara tabbatarwa na buɗe takardar da ke cikin ledar. Turanci ne ƙanana kamar ƙwayar gero, amma akwai hoto, ga robar an zana, ga kibiya tana nuna ta. Mi za a nuna da kibiya in ba abin da ake so ka cire ba? Na ɗauko wayar ƙafar keke na lanƙwasa bakinta, na zaƙulo robar. Na tura fayif, ya wuce suluf har ƙarshe, ba gardama. Na ja, haƙoran suka riƙe gam.

Na ce, "'Yar kawu, zo ki ja."

Ta zo ta ja da hannu biyu. Bai fita ba.

Ta ce, "To."

A bakin Hajiya wannan kalma yabo ce babba. Kafin azahar na zaƙule duka goma, na jera su kan tabarma, na shimfiɗa fayif daga katangar Alhaji, ta waje, ta gefen zaure, ya ratsa tsakar gida har bakin madafi. Uku daga mahaɗan na binne su cikin ƙasa na daddaɓe da ƙafa. Ɗaya na waje da na gindin famfo su na bari a fili, don jama'a su ga aiki.

Ina tattara kaya sai na ga Hajiya ta duƙa tana juya robobin nan a tafin hannu.

Sai an san wata matsala ta matan layinmu kafin a gane abin da ya biyo. Kajinsu duk ta wuriya suke bi, wannan ramin da ruwan wanke-wanke ke fita ƙasan katanga, su haɗu a lungu su cakuɗa, da yamma kowace mace ta kama nata. Don a bambance, kowa na ɗaura ma kajinta ƙyalle a fiffike. To amma matan nan bikinsu ɗaya, sunansu ɗaya, ankonsu ɗaya. In atamfar ta tsufa, ƙyallen da ke gidan nan shi ke gidan can. Sai ka ga kaji ashirin a lungu duk sun yi anko, mata huɗu kuma kowace na rantsuwa nata ne. An taɓa wata guda ba a gaisawa a kan wata baƙar kaza.

Hajiya ta ce, "Waɗanga fa, kana so?"

Na ce, "Ɗauki. Shara ce."

Ta sa na rirriƙe mata kajin ɗaya bayan ɗaya, tana haɗa yatsun ƙafar tana zura robar. Matasa takwas, ɗan zakara ɗaya, sai uwarsu, wata tsohuwar kaza wake-wake mai baƙin hali, wadda sai da aka ja robar sosai kafin ta shige. Goma cif. Na ce mata ta ga amfanin auren mai fasaha, ko sharar aikinsa abin ado ce.

Ruwan bai zo nan da nan ba, don Alhaji na jiran a kawo mashi sola. Mako uku aka yi. Cikin makonnin nan babu yammacin da ban karantar da 'yan majalisa ilimin famfo na zamani ba. Na ce masu yaran yanzu da ke kiran kansu masu gyara, rabinsu ba su san ana cire robar hanya ba, shi ya sa aikinsu ba ya ƙarko. Wani tsohon direba har ya ce in na samu lokaci in leƙa gidansa.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar aka ce za a saki ruwa. Wanda ya yi ma Alhaji aikin tanki wani mai gyaran famfo ne da ke da shago a Babbar Kasuwa, magidanci mai furfura ɗaya-ɗaya a gemu, wanda tun yana kawo mani kekensa faci ba ya kai sirdi na san shi. Shi ya haɗa bakin fayif ɗina da na Alhaji. Ni na tsaya kusa da mahaɗin waje, hannu a baya. Alhaji ya tsaya gefena cikin farar shadda, ya dawo daga ɗaurin aure. 'Yan majalisa suka taso da tabarminsu a hannu.

Na ce, "Bismillah, saki."

Da farko fayif ɗin ya yi wani gurnani, ya ɗan motsa kamar maciji. Sai mahaɗin ya buɗe kamar fure. Ta baki biyu ruwa ya yi tsiri, zagaye, siriri, mai kyan gani in ba naka ba ne. Rabin ruwan ya sami Alhaji daga ƙirji zuwa gwiwa. Kafin in ce wani abu sai muryar Hajiya daga cikin gida, ba ta ko ɗaga ta sosai ba:

"Malam! Ka zo ka gani, idon ruwa uku sun ɓullo tsakar gida. Famfon ne dai bai samu ba."

Mai famfo ya rufe ruwan. Ya duƙa, ya danna wuyan mahaɗin, ya zare fayif, ya leƙa ciki. Ya juya ɗaya bakin ya leƙa. Ya daɗe yana leƙawa.

Ya ce, "Baba, ina robar?"

Na ce, "Wace?"

"Baƙar nan ta ciki."

"Au, ta hanya? Na cire mana."

Ya ɗago ya dube ni. Yaro ne mai tarbiyya, na ga yana kokawa da bakinsa. Ya ce, "Baba, ai ita ce aikin. Sauran duk rakiya suka yi mata."

Na buɗe baki zan kawo maganar kibiya, sai ga wake-wake ta sunkuyo ta wuriya, ta fito lungu tana taku ɗaya-ɗaya cikin caɓi, tana ɗaga ƙafa sama kamar amarya mai nuna lalle. Matasa biyu na biye da ita. Mai famfo ya bi su da ido.

"Baba, wancan fa?"

"Kaza ce."

"A ƙafarta nike nufi."

Na ce, "Ado ne."

Alhaji, da rigarsa ke ɗiga, ya nemi dakali ya zauna don dariya ta hana shi tsayuwa. Tsohon direban nan ya ce in bar zuwa gidan nasa tukuna, ya tuna ba ya nan wannan watan. Duk wannan bai dame ni ba kamar abin da mai famfo ya faɗa a hankali, yana tattara kayansa. Ya ce, "Baba, kai fa ka nuna mani 'yar robar bawul, ka ce kada in raina ta, ita ke riƙe iskar taya duka." Na tuna ranar. Na ma tuna na ja mashi kunne.

Ya ce in zo shago gobe ya ba ni wasu. Na ce ba na buƙata, na san inda nawa suke.

Da na shiga gida akwatina ba ya inda na bar shi. Na same shi bayan madafi, kusa da itace, murfin a buɗe, kamar wanda aka fitar ma da kaya daga gidan haya. Na koma na sami Hajiya tana share ruwa da tsintsiya.

Na ce, "'Yar kawu, ko a kotu ana ɗaukaka ƙara."

Ta ce, "'Yan gwangwan ran Alhamis suke biyowa ta nan. Na yau sun wuce. Kana da mako."

"In na gyara fa?"

"Gyara tukuna, sannan mu ji ƙarar."

Ta yarda in ɗauki almakashi da wayar keke da ɗan tib, amma ta ce aro ne.

Washegari da hantsi na shiga farautar kaji. Da na ce mata ina son robobina, sai ta ce ita shara aka ba ta, ba ta san shara na da mai ita ba. Da ƙyar ta amince, bisa sharaɗin duk wadda na cire ma in ɗaura mata wani abin. Na ɗebi tsaki na watsa, na laɓe bayan turmi da kwando. Mutum mai shekara saba'in da ɗoriya, mai jikoki, wanda ake ba sahun gaba a masallaci. Na kifa kwando ya fi sau ashirin, sau uku na kifa har da kaina. Kajin da kullum ke shiga ƙafafuna in ina alwala, ranar sun gane ni da wata manufa na zo. Wajen azahar na kama huɗu, gwiwata ta kumbura, hulata na cikin kwatami.

Hajiya, da ke zaune tana tsintar shinkafa tun safe tana kallo, ta ce, "Da ka bari sai gobe da asuba, ai duk suna cikin akurki, sai ka sa hannu kawai."

"Mi ya hana ki faɗa tun ɗazu?"

"Ban san Injiniya na neman shawara ba."

Da asubar na sa hannu na kama sauran. Sai lissafi ya ƙi cika. Ɗan zakaran, ashe shi aka yanka ma ƙanenta da ya zo daga Batagarawa makon jiya, ni ma na ci cinya, robar kuwa wuƙa ta datse ta. Ɗaya matashiyar muzuru ya tafi da ita da adonta. Ita kuwa wake-wake ba ta kwana akurki, kan katanga take hawa, da ta gan ni sai ta dire gidan Alhaji, da rana kuma ta ɓace ɗungum, na duba lungu, na duba bayan randa, babu. Bakwai ke nan a hannuna. Su ma sun sha rana, sun sha tono, biyu sun saki, ɗaya ta tsage, duka da kashin kaji. Na wanke su da sabulu na shanya kan faifai. Sauran ukun na zauna na yanko su daga tib da almakashi, na zagaye su da kyau iyakar ganina. In ka tsaya nesa, ka kuma rufe ido ɗaya, ba ka bambancewa.

Ran Lahadi da rana tsaka, lokacin da na tabbata 'yan majalisa na barci, na roƙi Alhaji ya saki ruwa. Ya ce to, amma bari ya shiga ciki ya rufe ƙofa tukuna.

Gaskiya an samu ci gaba. Ba tsiri. Famfon ma ya kawo, har Hajiya ta cika buta. Sai dai kowane mahaɗi na hawaye, waɗanda na yi ma robar tib kuwa tofi suke. Na koma ga abin da na sani. Na naɗe kowanne da tib ta waje, na ja, na ƙulle, har suka koma kamar ƙafar da aka yi ma ɗori. Ruwan ya yi haƙuri na ɗan lokaci, sannan ya sami hanya ta ƙarƙashin naɗin. Hajiya ta zo ta duba. Ta dai ɗauko farantin silba ta kife ƙarƙashin na gindin famfo, don ɗigon ya riƙa ƙara. Ɗis. Ɗis. Ina cin tuwo ina ji, ina sallar la'asar ina ji.

Ran Litinin na sa rigata mai kyau na hau kurkura, babur mai ƙafa uku, zuwa Babbar Kasuwa. Na sami mai famfo a shago. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi mahaifiyarsa, na tambayi kasuwa, na tambayi gajiya, na koma kan iyali. Da na fara tambayar lafiyar maƙwabtansa sai ya jawo durowa ya fito da wata 'yar leda a ƙulle.

Ya ce, "Goma ne, Baba. Tun Juma'a na ware."

Na ce dama wucewa nike, amma tunda ya matsa.

Na zo da guntun fayif ɗin a aljihu don a gwada. Ya karɓa ya shafa bakin da yatsa, ya girgiza kai. Ya ce ko da ban cire robar ba, wannan yankan zarto da ya yanke ta, don bakin a karkace yake, ga kaushi kamar haƙoran kare. Ya ɗauko wani almakashi na yankan fayif ya datse shi sau ɗaya, baki ya fito sumul. Ya goge gefen, ya auna zurfin mahaɗi ya yi alama da biro a jikin fayif. Na ce in shafa baƙin mai don ya yi santsi? Ya ce a'a. Basilin fa? Ya ce Baba, mai kowane iri cinye robar yake, ta kumbura ta lalace, ruwa kawai za ka jiƙa shi da shi. Sannan ya miƙo mani ya ce in tura.

Na tura. Ya cije daidai inda ya cije mani ran farko.

Na ce, "Ka gani? Abin da nike faɗa ke nan."

Ya ce, "Nan ne robar ta kama. Kada ka yi fushi da ita, ƙara turawa."

Na ƙara, na ɗan murɗa. Sai na ji ya wuce da wani ɗan nauyi mai daɗi, alamar biro ta ɓace cikin baki. Wallahi irin jin da nike yi in taya ta hau kan rim daidai. Na gyaɗa kai. Ya ba ni aron almakashin. Da zan tafi na ce mashi maganar nan ta tsaya tsakaninmu. Ya ce shi bai gaya ma kowa ba sai maƙwabcin shagonsa, amma yau da safe wani ya zo layin yana tambayar zoben kaza, kuma kowa ya gane abin da yake nufi.

Ran Talata na tone duka, na datse kowane baki sabo, na mayar da kowace roba ɗakinta da girmamawa, na tura har alama ta ɓace. Aka saki ruwa. Na bi layin da rarrafe daga katanga har madafi ina shafa kowane mahaɗi da bayan hannu. A bushe. Na ɗebo toka na barbaɗa ƙarƙashin kowanne, don toka ba ta ɓoye ɗigo.

Hajiya ta murɗa famfon. Ruwa ya zubo da ƙarfi, fari tas. Ta tara hannu biyu ta bar shi yana zuba a kai, ta daɗe haka, ba ta cika komai ba. Na ga ta dubi zaure, inda jarkokin ke jere, ta dubi famfon.

Laraba toka a bushe. Alhamis da safe toka a bushe. Wajen hantsi na jiyo ƙarar baron 'yan gwangwan daga bakin lungu, suna buga ƙarfe suna kira. Na gyara hula na je na tsaya gaban Hajiya, tana wanke-wanke a gindin sabon famfonta, zaune kan kujera, ba jarka ba ƙugu.

Na ce, "Mai ƙara ya iso."

Ta ce, "Muna ji."

Na ce da farko, sharaɗi ya ce in ɗigo ya fita, bai ce yaushe ba, kuma yanzu ba ya fita. Na biyu, robobin da suka jawo ɓarnar a ƙafar kajinta aka same su, don haka in ana maganar laifi, akwai wanda ya ɗauka akwai wanda ya ajiye. Na uku, na ce, akwatin nan... Ita hujja ta ukun ba ta kotu ba ce. Na ce ubangidana ne ya ba ni.

Ta ɗauraye kwano ta kife. Ta ce, "Je ka ɗauko abinka."

Na zagaya bayan madafi da sauri irin wanda gwiwata ta manta. Ga akwati inda yake, murfi a buɗe. Cikinsa, kan tarin tib ɗina mai laushi, tsakanin sifana da gwangwanin sholisho, wake-wake ce kwance ta baje fukafukai tana kallona da ido ɗaya. Mako guda ina nemanta gari duka. Na miƙa hannu, ta sare ni a yatsa, ta miƙe tana masifa. Ga baƙar robata a ƙafarta. Ga ƙwai biyar a ƙarƙashinta.

Na ɗaga murya na ce, "Hajiya! Zo ki fitar da wannan 'yar fashin daga ofishina! Kayan aiki ne a nan, ba masauki ba!"

Ta zo tana goge hannu da zani, ta leƙa, ta ƙirga ƙwan da ido.

Ta ce, "Kada ka taɓa ta. 'Yan gwangwan su wuce, akwati ya tsira. Shekara tara yana gidan ga, Injiniya, sai yau abin kirki ya fito daga cikinsa."